Jan Ɗigo a Ƙofar Gidanmu

Ina makarantar kwana Inna ta rasu, ba wanda ya gaya mini sai da na dawo hutu na tarar an kwashe kayan ɗakinta. Wai don kada jarrabawa ta lalace mini. Tun daga ranar tsorona ɗaya ne a duniya: a binne Baba ban ga fuskarsa ba. Shi ya sa da jikinsa ya fara rikicewa na tsare Yaya, babban wanmu, a zaure na ce, "Yaya, ko naƙuda nake yi ka gaya mini. Kada ku sake yi mini irin ta Inna." Ya ce in sha Allahu. Lokacin ina da tsohon ciki bayan ɓari da na sha yi, kowa a gidan lallaɓa ni yake kamar ƙwai.

Gidanmu a unguwar Kabara yake, cikin birni. Kakanninmu daga Barno suka zo karatu suka zauna, Baba ya gaji zauren da ɗalibansa. Ni kuwa kwamfuta na karanta, na koyi rubuta manhaja, sai ga ni a gidan jarida inda aka rasa gurbin da za a ajiye ni. 'Yan rahoto mai gyara suka ɗauke ni, firinta na ƙin aiki sai a ƙwala mini kira. Ni kuma ba na haɗiye magana. Na sha gaya musu labari na zo nema kamar kowa, hanyata ce kawai daban.

Sai da na kawo shawarar taswirar nan editanmu ya fara kallona da daraja. A cikin birni mutum ya cika da safe, kafin la'asar an kai shi, kuma ba kowa ke zuwa a rubuta ba. Abin da ba a fasawa shi ne sanarwa a guruf-guruf na unguwa da na masallatai a waya: Allah ya yi wa wane rasuwa, jana'iza lokaci kaza a ƙofar gidan wane. Na bi masu guruf ɗin na nemi izini suka saka layin ofis. Na rubuta manhajar da za ta karanta sanarwar, ta cire sunan mamaci, ta ajiye jan ɗigo a taswira inda za a yi sallar. Muna so mu ga wace unguwa ce ta fi yin rashi, a wane yanayi, sannan mu je mu tambayi ruwan da suke sha da nisan asibitinsu.

Wahalar ita ce lungunanmu ba lamba. Gindin durumi, bayan masallaci, ƙofar gidan malam, haka ake kwatance, dole na koya wa manhajar wuraren ɗaya bayan ɗaya. Na fara da wanda na fi sani, ƙofar gidanmu. Na ƙirƙiri sanarwar gwaji, ɗigo ya fito daram a kan zauren Baba. Murna ta sa na kai masa kwamfutar har shimfiɗarsa. Ya gyara tabarau ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Oho, da ni kika fara ke nan, mai ƙidayar mamata?" Na ce, "Haba Baba, gwaji ne." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. A gabansa na goge ɗigon.

Ranar da abin ya faru ina ofis, can wajen ganuwa, hankalina kwance, don jiya da yamma na bar shi ya sha kunu har yana tsokanar jikoki. Da hantsi Yaya ya kira. "Idan kin tashi daga aiki ki biyo ta gida, Gwaggo na son ganinki." Gwaggo ƙanwar Baba ce, kullum cikin son ganina take, ko don ta ɗura mini jiƙo. Na ce ya jikin Baba. Ya ce alhamdulillahi, ya kashe waya.

Gab da azahar na koma kan taswira, sai ga jan ɗigo a ƙofar gidanmu. Tsaki na ja. Na ce a raina tsohon gwajin nan ne ya dawo, wani wuri na bar kuskure. Na goge shi na ci gaba da aiki. Ban jima ba ya sake fitowa. Raina ya ɓaci, har na juya ina tambayar wa ya taɓa mini kwamfuta, aka ce ba kowa. Na sake gogewa. Da ya dawo kuma, sai na ga daga wani guruf daban ya shigo, ba inda ya fito da farko ba. Gwajina bai taɓa bi ta guruf ba. Na buɗe ainihin saƙon don in ga abin da manhajar ke karantawa.

Sunan Baba ne, da na kakanmu a bayansa, yadda ɗalibai ke faɗa. Jana'iza bayan sallar azahar a ƙofar gidansa.

Ban yi kuka ba, ban ma iya salati ba. Na sake karantawa ina neman kuskure, don aikina ke nan, ban samu ba. Duk Kabara ta sani, har mutanen Ƙofar Ruwa suna amsa Allah ya jiƙan Malam, ni 'yarsa ina zaune ina goge shi. Daidai lokacin masallacin kusa da ofis ya ɗauki kiran salla.

Edita ya tsaya a kaina ya ce, "Malama, lafiya?" Na juya masa allon kawai. Yana karantawa ya ɗauki makullin mota. A bakin lungunmu ya ajiye ni don mota ba ta shiga. Na ratsa maza zazzaune a tabarmi, ina tafe ina dafa bango, duk wanda ya gan ni sai ya sunkuyar da kai.

A tsakar gida Gwaggo ta tare ni ta riƙe mini hannu biyu. "'Yar nan, wa ya fito da ke a ranar nan? Zo ki zauna ki sha ruwa, jikin ne ya ɗan tashi." Na ce, "Gwaggo, makara ce fa jingine a bayanki." Ta sake ni.

Na tarar da Yaya da liman a ɗakin Baba sun gama suturta shi, ɗaurin kai kawai ya rage. Yaya ya dube ni, ya dubi cikina. Na ce, "Buɗe mini." Ya buɗe. Fuskar Baba ce, fes, gemun a taje, shatin tabarau na nan a karan hancinsa. Na durƙusa na yi masa addu'a gwargwadon abin da bakina ya iya. Sannan suka rufe.

Da za su ɗauka Yaya ya matso ya rage murya. "Tsoron cikin nan muka ji. Wa ya gaya miki?" Na ce, "Ba dai kai ba."

Na haihu lafiya, namiji, aka mai da sunan Baba. Da na koma aiki ana shirin fitar da labarin, edita ya kira ni gefe ya ce idan ina so a cire ɗigon Kabara ba wanda zai ga laifina. Na ce a bar shi, na riga na goge shi da yawa, kuma daidai yake.