Yadda Gwaggo Hurera Ta Tsara Mini Tafiyar Ikko

Duk wanda ya zauna Kaura Namoda ya sani, ba a furta kalmar tafiya a gaban Gwaggo Hurera mai dambu a wuce salin-alin. Ko Kasuwar Daji ka ce za ka, sai ta ajiye marfin kwano ta nuna maka benci: "Zamna. Ina za ka sauka? Wa ka sani can? Mi za ka ci?" Yayar mahaifina ce. Tun da ƙuruciyarta take sayar da dambu a tashar jirgin ƙasa, har jirgin ya daina zuwa Kaura, ita kuwa ta ƙi tashi daga gindin bishiyar dogon yaron da ke tashar. Wai ai ba ita ta ce ya daina zuwa ba.

Shekarar da na gama karatu a Gusau na ƙudurta sai na ga ƙasar nan da idona, ni kaɗai, a jirgi, da jakata a baya. Mota zuwa Zariya, in tari jirgin Kano mai gangarawa kudu, in riƙa sauka ina kwana har Ikko. Mako biyu na yi ina tsarawa a waya, ranaku da sa'o'i duk na jera. Na kai mata ina taƙama.

"Karanta."

Na karanta. Ta ja tsaki.

"Wanga tsari na wanda bai san jirgi ba ne. Wa ya hwaɗa maka jirgi ya san ƙarhe nawa? Bayan kowace rana ka bar guda babu komi a cikinta. Wannan ta jirgi ce, shi zai cinye abarsa."

Daga nan ta shiga jero mini tashoshi kamar mai karanta wasiƙa. In cika gorata tun Zariya. In zauna hannun hagu, don rana ta dama take gasa mutane da la'asar. Kifin Jebba sai na shinshina kafin in saya. Burodin Offa kuwa in na wuce shi kada in dawo mata gida.

Na ce, "Gwaggo, wai sau nawa kika je Ikko?"

"Ni? Allah ya kiyaye! Ƙahwata ba ta taɓa taka cikin jirgi ba."

"To ina kika san duk wannan?"

"Mutum ya ci dambunka ya sha ruwa, ai sai ya amayar maka da duniya. In na shiga na tahi, wa zai ciyar da su?"

Matsalar gaske tana Zurmi, garinmu. Baba ya ce ba zan je ba, kuma ba don rigima ba ne. Hanyoyinmu kun san yadda suka koma, ga shi ni ne babban ɗansa. Na faɗa wa Gwaggo tafiya ta rushe. Washegari da hantsi matar da ta tsani mota kamar me, ta cusa ni a bayan wata akori-kura, ita ta zauna gaba, tana yi wa direba faɗa tun daga Kaura har ƙofar gidanmu.

Baba ya taso da sauri. "Yaya, lahiya?"

"Lahiya lau. Mammane, wa ya goye ka?"

"Ke ce, Yaya."

"Wa ya rufa maka asiri ranar da ka bi mahwatauta Shinkahi a ƙasa ba ka gaya wa kowa ba?"

Baba ya dube ni, ya dubi ƙasa. Wallahi ban taɓa jin labarin nan ba sai ranar.

"Yaya, zamani ne ya canza. Tsoro nike."

"Ni ma ina tsoro. Amma hanyar da na biyo yanzu in zo gidanka ta hi ta Ikko abin tsoro, kuma kullum kana binta. Bar yaro ya ga inda ake tahiya ba a waige-waige."

Can Baba ya ce in riƙa kiransa daga kowace tasha. Gwaggo ta miƙe, ko ruwa ba ta sha ba, wai dambunta zai huce.

Sai batun jaka. Sabuwa fil na saya, mai igiyoyi ta ko'ina. Na goya ta na shigo, Gwaggo ta dube ni sama da ƙasa.

"Barka da arziki. Mace ce ko namiji?"

Ta zazzage ta a tabarma. Takalmana biyu ta cire, da turare, da littattafai uku. Ta zuba ƙuli-ƙuli, da yaji, da allura da zare, da buta, da wata tsohuwar rigar sanyin marigayi mijinta. Jakar ta fi da nauyi! Sannan ta ce sai na zagaya tasha da ita sau uku, ta gani ko zan iya. Ranar masu babur sun sha kallo. Wani ya bi ni a hankali yana cewa, "Alhaji, Ikko ko Makka?"

Ranar tafiya ta sa na rubuta sunayen mutum bakwai da zan gayar mata a hanya, duk ma'aikatan jirgi na da. Ba lambar waya, ba unguwa, sai kwatance irin nata: "Dogo ne, yana da wushirya." A Kaduna aka ce ba a san wanda nake nema ba. A Minna aka ce wancan ya rasu tun tuni. Na fara jin kunyar tambaya. Da na sauka Offa na daure na tambayi inda zan samu Baba Lasisi, tsohon mai duba tikiti. Sai ga wani ya ja ni har bayan tasha, wurin wani dattijo a kujerar roba. Ina ambaton Kaura ya dafe ƙirji.

"Hurera! Dambu! Tana nan da rai?"

Kwana biyu ya riƙe ni a gidansa, ya hana ni cin komai a waje. Jirgin ma ya makara da kwana guda cur, ya cinye ranarsa kamar yadda aka ce. Na kira Gwaggo ina zumuɗi na ba ta labari.

"To, ya ba ka kwanona?"

"Wane kwano?"

"Mai murhi, ja. Ya ce jirgi zai tashi, zai maido. Dole ya tuna ni mana!"

Na dawo Kaura bayan kwana goma sha tara, na rame, na yi baƙi. Ta zaunar da ni ta ce in fara daga Zariya. Duk abin da na faɗa sai ta gyara mini. Na kwatanta gadar Jebba, ta ce ba haka take ba. Na ce Gwaggo, ni fa na hau ta. Ta ce to ban duba da kyau ba.

Da muka iso Ikko a labarin, na ciro waya na nuna mata teku. Ta karɓa da hannu biyu, ta kai kusa da ido. Ruwa yana tasowa yana komawa.

"Ina ɗaya gaɓar?"

"Ba a ganinta, Gwaggo."

Ta sa na maimaita mata hoton har sau huɗu. Ba ta gyara mini komai ba. Ta dai share ido da bakin mayafi ta ce, "Ashe ba su yi mini ƙarya ba. Allah mai iko."

Daminar bara ta rasu, bayan jinyar kwana uku, a ɗakinta. Allah ya jiƙan Gwaggo Hurera, ya yafe mata kurakuranta, ya yalwata mata kabarinta. Yadda ta ciyar da baƙin da ba ta san gidajensu ba, Allah ya karɓe ta da karamcin da ya fi nata. Amin.