Jirgin da Ba Ya Tashi da Hannu Ɗaya

Da hantsi za ka tarar da Baba Labaran a rumfarsa da ke bakin titin Kano zuwa Katsina, nan Kankia, yana kaɗe teburinsa da gashin kaza. Sai ya jera kayan aiki, ya ɗora ƙarfen narka dalma a wuta, ya goge tabarau da bakin riga. Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana haka. Tun muna yara muke tsayawa mu kalle shi, muna shaƙar ƙamshin dalma har a kaɗa ƙararrawar makaranta.

Mutanen Kafinsoli ba su manta lasifikar masallacinsu da ya tayar ana gobe Sallah ba. Modibbo na Bauranya har yau yana rataye da rediyon da ta faɗa masa a ruwa wajen kiwo, Baba Labaran ya gyara ta. Kuma duk wanda ya taɓa kai masa gyara ya san ɗabi'arsa: abin da ya cire, komai ƙanƙantarsa, sai ya zuba a kwalin ashana ya miƙa maka. Ya ce abin da ya yi wa mutum hidima ba a jefa shi a bola.

Ni abin da ya yi mini daban ne.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, mutumin Kusada ne da ya yi aikin jirgin ƙasa a Kano. Da ya yi ritaya ya dawo da wani ɗan ƙaramin jirgi na ƙarfe, da layinsa, da akwatin da ake murɗawa ya tashi. Ranar Sallah kaɗai yake shimfiɗa shi a zaure, mu zagaye, yana kiran sunayen tashoshi kamar da gaske. Akwatin ya ƙone tun da daɗewa, jirgin ya koma ƙasan gado.

Bara 'yata Rahamatu ta yi ciwon sanƙarau. Allah ya tashe ta, amma hannunta na dama ya saki. A asibiti aka ce sai tana motsa yatsun kullum, in ba haka ba za su sandare. Ta ƙi. Ta cusa hannun cikin hijabi, ta daina zuwa makaranta don kada a ga ba ta iya riƙe biro. Na lallaba, na yi faɗa, na rasa yadda zan yi. Abu ɗaya na ga tana kallo, jirgin kakanta. Sai na ɗauke ta da jirgin muka je rumfa.

Baba Labaran ya buɗe cikinsa ya sansana. Ya ce, "Sada, mi ka zuba mai?"

Na ce man gyaɗa ne, don ya yi laushi.

"To saura gishiri da yaji, mu ci." Ya juya wajen Rahamatu. "Ke kuma direba, ina hannun gaisuwa?"

Ta ce, "Tsoho, ka gyara jirgi tukuna."

Sati uku ya yi a kansa. Irin akwatin nan an daina yi, don haka ya sa aka sayo masa wani ɗan allon lantarki daga Kano, bai fi farcen babban yatsa ba. Ya dasa shi a cikin jirgin, bai taɓa fentin ba, bai canza injin ba, ya ce kukan injin na mahaifinka ne. Ya haɗa rimot da hannunsa. Daga nesa sai ka ƙara gudu, ka rage, ka kunna fitila.

Amma maɓallan rimot ɗin biyu ya raba su, ɗaya a wannan gefe, ɗaya a wancan, kuma sai an danne su tare jirgin ke tashi. Na koma rumfar cikin fushi na ce yarinyar ta kwana biyu tana kuka, ya mayar da su wuri ɗaya.

Bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "Jirgi ka kawo in tayar, ko ɗiya?"

A rana ta tara da karɓo jirgin na shigo gida na ji wani ƙara da rabona da shi shekara talatin. Jirgin na zagaye tsakar ɗaki, Rahamatu ta cije leɓe, hannuwa biyu a kan rimot.

Baba Labaran, kai ne likitan da ba shi da allura. Kai ka ga abin da ni uba tsoro ya hana ni gani. Yanzu ido ya gaji, ka ce ƙarshen watan nan za ka rufe rumfa. Mun gode, Allah ya saka maka da Aljanna. Masu sana'a na garin nan, ku je ku zauna da shi kafin ya tashi, ku koyi kallon mai kaya kafin ku kalli kayan.

Jiya Rahamatu ta biya rumfar daga makaranta, ta nuna masa kwalin ashanar da ya ba mu, tsofaffin wayoyin jirgin na ciki. A bayan kwalin ta rubuta sunansa. Rubutun a karkace yake, amma da hannun dama ne.