Baba Yunus na Tashar Kafanchan Ya Tafi, Hussain Bai Sani Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, bayan sallar La'asar, Allah Ya karɓi ran Baba Yunus, tsohon ma'aikacin reluwe, a gidansa da ke unguwar Dogo Tebo, Potiskum.

Baba, 'yan yanzu sun san ka ne dattijo a kan tabarma ƙofar gida. Mu kuwa mun san ka a Kafanchan, mahaɗar da jiragen Maiduguri da Fatakwal da Kaduna ke haɗuwa. Garinmu ba layin dogo, sai mutum ya hau mota zuwa Gombe ya tari jirgi. Guzurin da ake ba kowane matafiyi shi ne: "In ka sauka, nemi Yunus ɗan Potiskum."

Ba zan manta da ranar da na kai mahaifina asibiti Kaduna ba. Jirginmu ya yi latti, muka tarar na Kaduna har ya busa, ga tsoho ba ya iya taka ƙasa, ga jama'a kamar ranar kasuwar shanu. Na tsaya ina waige-waige. Sai ga ka kana ratsa mutane. Ka yi wa tsoho magana da yaren Karai-Karai, ka durƙusa ka ce, "Hau bayana, yaya." Ka ruga da shi kana yi wa mai tuta ihu, ka ajiye shi cikin tarago jirgi na motsi. Ya rayu har ya ga jikokinsa.

Abin da ke damuna yau, Baba, shi ne Hussain, autanka. Tun bayan Babbar Sallah ya bi tirelar shanu zuwa Kudu, wayarsa ta daina shiga. Direbobi wannan ya ce ya gan shi a Fatakwal, wancan ya ce Aba. Da na zo duba ka, ka riƙe hannuna ka ce, "Adamu, na sa 'ya'yan mutane a hanya, nawa ban san inda ya sauka ba." Aka yi maka sutura babu shi. Inna Kellu, mahaifiyarsa, ko mota ta tsaya a waje sai ta miƙe.

Don Allah, duk fataken da wannan rubutu ya isa gare su, ku cigita mana Hussain. Dogo ne, da tabon ƙuna a wuyan hannun hagu.

Allah Ya jiƙan ka, Baba, Ya yalwata kabarinka, Ya sa Aljanna ce makoma. Ina miƙa ta'aziyya ga Inna Kellu da Safiyanu, yayan Hussain, da sauran iyali, Allah Ya ba ku haƙuri. Hussain, in kana raye, ka zo gida. Mahaifinka ya rasu yana sa maka albarka.