Mutumin da Ya Fasa Kwaɗon Famfo

A shekarar da aka kawo ni N'Djamena daga Damagaram, ban iya Larabcin garin ba sai gaisuwa. A gidan iyayen maigidana muka fara zama, a Ambassatna, gidan 'yan kasuwa da kakanninsu suka zo tun zamanin Turawa. Da safe maigidana da mahaifinsa, Alhaji, sukan tafi shagon yadi, ni kuma in wuni da surukata, Hajiya. Mace ce mai tsafta da ƙarancin magana. Ba ta taɓa yi mini faɗa ba, amma kuma ba ta taɓa zama hira da ni ba. In na durƙusa na gaishe ta sai ta amsa, ta tambayi lafiyar mutanen gida, shi ke nan. Ni ma kunya ba ta barina in ɗaga ido.

Tana da ƙaramar rediyo da take ratayawa a tagar kicin. Wata rana cikin bazara, zafi ya kai ko kaji sun buɗe baki, ina tsinke zogale sai aka fara shirin labaran kotu, wanda da Faransanci ake yin sa. Hajiya ba ta jin Faransanci, amma ta tsinci sunan Abena, unguwar da ƙanwarta take aure. Ta dakata da gyaran shinkafa.

"'Yar nan, ke da kika yi lakwal kika iya Faransanci, me suke cewa a kan Abena?"

Na ce, "Hajiya, wani mutum aka kama."

"Sata ya yi?"

"A'a, kwaɗo ya fasa."

Na ba ta labarin yadda na ji. Wata ƙungiya ce ta haƙa rijiyar burtsatse a unguwar, ta ɗora tanki, ta jera famfuna, aka gama komai. Sai aka kewaye wurin, aka garƙama kwaɗo, wai sai manyan baƙi sun zo bikin buɗewa. Zafi ya zo, baƙi ba su zo ba. Mata suna wucewa ta gaban tankin da jarkoki, suna zuwa nesa neman ruwa. Rannan wani mai gyaran babur da rumfarsa ke kallon wurin ya ɗauki guduma da tsakar rana ya fasa kwaɗon, ya tsaya da kansa yana jera mata layi. Ba a jima ba aka zo aka tafi da shi, ana tuhumarsa da ɓarnata kayan da ba nasa ba.

Ana cikin haka aka sa muryar wata mata daga unguwar, tana magana da Larabci da ƙarfi. Nan kuma ni ce na zama kurma. Hajiya ta saurara, sai na ga kafaɗunta suna rawa. Dariya take yi.

"Cewa ta yi in laifi ne to a zo a kama cikinta, don ita ma ta sha."

Da daddare ana cin tuwo Hajiya ta kawo maganar. Alhaji mutum ne mai son tsari, ko takalmansa a jere suke kwana. Ya girgiza kai.

"Kwaɗo kwaɗo ne. Yau na famfo, gobe na shagona."

"Shagon naka ruwa ake sha a ciki?" in ji Hajiya.

Ina zuba miya a lokacin, saura kaɗan ludayin ya suɓuce mini. Maigidana ya sunkuyar da kai cikin kwano. Alhaji ya ce shi bai ce mutumin mugu ne ba, amma da ya je ya nemi izini. Hajiya ta ce ƙishirwa ba ta san ofis ba. Haka suka yi ta yi har tuwo ya huce, kuma na lura dukansu biyu daɗin gardamar suke ji.

Daga ranar shari'ar nan ta zama tamu. Da an yi azahar sai in ji, "'Yar nan, zo, sun kusa farawa." Tun ina zama a bakin tabarma har na koma tsakiya. Ni in juya mata Faransanci, ita ta juya mini Larabci, ta kuma sa ni in maimaita kalmomin har sai bakina ya faɗa daidai. In na karkace sai ta yi ta dariya tana share hawaye da gefen mayafi. Da aka ɗage zaman kotu ta yi fushi kamar ɗanta ne a tsare, ta ce a irin wannan zafi ko akuya ba a kullewa a ɗaki. Ƙanwarta kuma tana bugo waya daga Abena da nata ƙarin: ai famfon yana nan yana zuba, ba wanda ya yi ƙarfin halin sake rufe shi, kuma matan unguwa ne suke karɓa-karɓa wajen kai wa iyalin mutumin abinci.

Ana gobe za a koma kotu, Hajiya ta ajiye wa Alhaji shayi ta ce, "Alhaji, gobe za ni kotu da 'yar nan."

Ya dube ta ta saman tabarau. "Wa kika kashe?"

"Kallo za ni."

"Shekara nawa muna garin nan ba ki taɓa taka ƙofar kotu ba."

"To gobe zan taka."

Ya kurɓi shayi, sannan ya ce mu tafi da ruwa a gora, kuma kada mu sa baki a abin da ba ruwanmu.

Mun tarar da ɗakin shari'ar cike da matan Abena cikin lafaya kala-kala, kowace tana fifita da abin da ta samu. Ƙanwar Hajiya ta matsa mana wuri a benci. Da aka shigo da mutumin na yi mamaki. A raina na zana ƙato mai faɗin ƙirji, sai ga ɗan siriri mai furfura a gemu, yana ta sunkuyar da kai don kunyar taron. Mai gabatar da ƙara ya yi magana mai tsawo a kan doka da dukiyar jama'a, ina raɗa wa Hajiya a kunne. Gaskiya wasu maganganunsa sun yi kama da na Alhaji, kuma ba duka ne marasa kan gado ba. Na faɗa mata haka, ta ce, "Ke dai juya mini, ban tambaye ki ra'ayi ba," tana murmushi.

Alƙali ya tambayi mutumin ko shi ya fasa. Ya amsa da Larabci, tun kafin tafinta ya buɗe baki Hajiya ta raɗa mini: "Ya ce shi ne." Aka tambaye shi ko yana nadama. Sai ya ɗaga babban yatsansa, wanda farcen ya yi baƙi, ya ce bugun farko kuskure ya yi, gudumar ta sauka a kan yatsan, kuma wannan kam ya yi nadamarsa. Ɗakin ya kece da dariya. Shi kansa alƙalin sai da ya duƙar da kai yana gyara takardun da ba su buƙatar gyara.

Aka tafi hutu, aka dawo, alƙali ya fara karanta hukunci da Faransanci. Na ce, "Hajiya, an same shi da laifi." Ta damƙe wuyan hannuna har na ji zafi. Na ci gaba da saurare. "Amma ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka ne. Ba zai koma gidan yari ba. Zai sayi sabon kwaɗo ya biya, yau zai kwana a gidansa."

Ban san Hajiya ta iya guɗa ba. Ta miƙe tsaye, ta kama hanci, ta rangaɗa wata irin guɗa da ban taɓa jin mai tsawonta ba ko a gidan biki. Matan Abena, waɗanda ba su gama fahimtar hukuncin ba, suka gane daga muryarta, suka ɗauka gaba ɗaya. Alƙali yana buga tebur, ba mai jin sa. Wani jandarma ya nufo mu, ya ce da ladabi, "Hajja, waje." Ta gyara mayafi, ta riƙe hannuna, muka fita tana tafiya a hankali kamar ita ta ga dama.

A waje muka zauna gindin wata bishiya, ta saya mana karkanji mai sanyi, wato zoɓo. Muka dubi juna sai dariya ta ƙwace mana, muka yi ta yi har mai zoɓon ta tambaya ko lafiya.

"In Alhaji ya ji an kore ni daga kotu!" in ji ta.

"Ni ba zan faɗa ba, Hajiya."

"Ke wa? Ni zan faɗa da bakina."

Kafin magariba matan maƙwabta sun cika tsakar gidanmu, kowa na son ji. Hajiya ta ce labari da baki ba zai isa ba. Ta yafa mini baƙar abayarta, ta zaunar da ni a kan turmi, ta ba ni muciya, wai ni ce alƙali. Ita ta zama mai gyaran babur, ta sunkuyar da kai, ta ɗaga yatsa. Muna tsakiyar haka su Alhaji suka dawo daga kasuwa. Na yunƙura zan gudu ɗaki, Hajiya ta ce in zauna, kotu ba ta tashi ba.

Alhaji ya tsaya yana kallonmu, ya ji yadda aka yi tun daga farko har korar. Ya ce, "To ai kun gani, an same shi da laifi. Abin da na faɗa ke nan."

"Kuma yana gidansa," in ji Hajiya.

"Wannan shari'ar taku ma ba daidai take ba. Ina mai gabatar da ƙara?"

Aka ce babu. Ya miƙa wa maigidana hularsa, ya gyara babbar riga, ya matso gaban turmin ya yi gyaran murya. Ya dube ni, ni da ban taɓa haɗa ido da shi ba, ya ce, "Allah ya gafarta alƙali, a ba ni izini in yi magana."

Na buga muciya a ƙasa, na ce an ba shi.