Ɗantani Dillali Da Gidan Lungun Marina

Ni dai tunda nake ban taɓa ganin Ɗantani ya gama kofin koko a zaune ba. A tsaye yake sha, ƙafa ɗaya a kan babur, waya a maƙale tsakanin kunne da kafaɗa, yana ce wa wani "ga ni nan tafe" alhali ko hula bai sa ba. Taubashina ne, ɗan kawuna, don haka ina da ikon faɗin abin da na ga dama a kansa, kuma zan faɗa. Sunana Balaraba. Ƙuli-ƙuli nake soyawa ina sayar da man gyaɗa a Lungun Marina, cikin Tudun Wada, kuma katanga ɗaya ce ta raba gidana da gidan da ya zauna a ciki.

Tun muna yara haka yake. Kawu ya so ya zama manomi, amma Ɗantani bai taɓa kai kunya ƙarshe ba tare da ya tsaya tambayar wani mai wucewa ina za shi ba. Da aka gaji da shi aka bar shi ya bi masu dillancin awaki ranar kasuwa. Daga awaki ya koma gonaki, daga gonaki ya koma filaye da gidaje, nan kuma ya tsaya, in dai ana iya cewa Ɗantani ya tsaya. Yau yana Ƙofa, gobe yana Yako, jibi ka ji an ce an gan shi a Doguwa yana auna fili da igiya. Makullan mutane ne cike da aljihun rigarsa, tun kafin ya shawo kwanar lungu nake jin ƙararsu.

Dillalai sun yi yawa yanzu. Kowane yaro mai waya sai ya ɗauki hoton gida daga inda fenti ya fi kyau, ya tura wa mutum, ranar da aka biya shi la'ada kuma lambarsa ta daina shiga. Ɗantani abu biyu ne suka raba shi da su, kuma duka biyun sun sha ba ni haushi.

Na farko, ba ya fara nuna gida sai da aibinsa. Zai tsayar da mai saye a ƙofa ya ce, "Malam, kafin ka yaba, saurara. Katangar bayan nan gara ta ci gindinta. Maƙwabcin gabas yana da injin niƙa, tun asuba yake tayarwa. Ruwan rijiyar kuma na wanki ne, ba na sha ba." Sai ya gama wannan sannan ya juyo ga alherin gidan, shi ma ya zayyana shi tsaf, ya bar mutum ya zaɓa.

Na taɓa ce masa, "Kai wai dillali ne ko mai korar kasuwa?"

Ya ce, "Ke dai soya ƙulinki. Wanda na ɓoye wa abu yau, jibi sahu ɗaya za mu tsaya da shi a masallaci, da wane ido zan dube shi?"

Na biyu, duk shekara in ruwan farko ya sauka, sai ya hau babur ya bi gidajen da ya sayar ko ya bayar haya a wannan shekarar, ɗaya bayan ɗaya. Ya yi sallama, ya tambaya ina ya yi yoyo, ina ruwa ya kwanta, ko an tarar da wani abin da bai faɗa ba. In an tarar, shi zai je ya tsaya a kan mai gidan na da ko magini har a gyara. Ba wanda yake biyansa ko kuɗin mai. Yakan dawo a jiƙe sharkaf, taɓo har gwiwa, matarsa Salamatu tana faɗa tana ɗora masa ruwan zafi.

To shi kansa wannan mai makullan mutane, gidan haya yake zaune. Na wani Alhaji ne mai sayar da hatsi, ya ba shi tun lokacin da ya auri Salamatu. A nan aka haifi 'ya'yansu duka. Shi ya ƙara wa rijiyar zurfi, shi ya dasa mangwaron da ke tsakar gida, wanda reshensa ɗaya ya tsallako gidana, nake cin rabona ba tare da na roƙi kowa ba. Sau nawa na ce masa ya nemi nasa! Kullum amsarsa ita ce, "Bari dai in gama da na wane." Na wane kuwa ba ya ƙarewa.

Bara Alhaji ya rasu, Allah ya ji ƙansa. Bayan an share makoki babban ɗansa Mujitaba, wanda ke aiki a Kano, ya zo ya durƙusa a zauren Ɗantani ya gaishe shi. Ya ce magada sun zauna, gidan ba zai rabu ba sai an sayar. Sannan ya ce, "Baba Ɗantani, mun san kai ne a ciki, kuma wallahi da nauyi. Amma duk garin nan ba wanda muka yarda da shi kamarka. Kai za ka nemo mana mai saye."

Da ni ce, da na ce su nemi wani. Ɗantani ya ce, "To, Allah ya sa mu dace." Halin saye ba shi da shi, kowa ya sani. Ya shigo ya faɗa wa Salamatu a tsaye, ya fice kafin ta sami bakin magana.

Daga ranar mutumin da dama ba ya zama ya koma kamar kazar da ke neman wurin ƙwai. Ya fita ya dawo, ya ɗauki hula ya ajiye, ya tayar da babur ya kashe. Sai in ji shi ta katanga yana zagaya tsakar gida, makullai suna kacau-kacau, ba inda za shi. Abinci ma sai Salamatu ta bi shi da kwano har zaure.

Masu saye suka fara zuwa. A wajenmu namiji ba ya faɗa wa gidan matan aure kai tsaye. Yakan tsaya a zaure, ya tura matarsa ko 'yar'uwarsa ta duba ciki, sai magana ta yi nisa sannan a ce mata su kauce ya shiga. Saboda haka Ɗantani yana zaure da maza, Salamatu tana ciki da mata. Shi yana cewa zauren yana yoyo ta kusurwar yamma, katangar baya ta tsage, lungun kuma mota ba ta shiga da damina. Ita kuwa Salamatu har da jan hannun baƙuwa ta nuna mata robar da take tarawa a zaure in ana ruwa. Ni ma in ina wurin nakan ƙara da labarin sauro, kuma har yau ban ga laifina ba. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinmu. Mutane suka riƙa cewa za su yi shawara, ba su dawowa.

Ba a daɗe ba magana ta zaga gari. A majalisar masu shayi aka ce ai Ɗantani korar masu saye yake yi don kada a tashe shi. Wasu ƙananan dillalai da dama suke jin haushinsa suka samu abin yi, suka ce ga mai gaskiyar nan, an zo kan nasa ya nuna hali. Har a kasuwa wata ta tare ni da zancen tana sayen mai, na ce ta karɓi manta ta ba ni wuri.

Sai Mujitaba ya bugo waya. Ina tsakar gidansu a lokacin, na ga fuskar Ɗantani tana canzawa. Yaron da ladabi ya yi magana, ya ce in abin ya yi wa Baba nauyi ba komai, akwai wani dillali a Kano da zai karɓa. Ɗantani ya ce a ƙara masa lokaci. Da ya kashe wayar ya dube ni ya ce, "Balaraba, me na faɗa wanda ba gaskiya ba?" Na ce babu. Ya ce, "To me ya sa nake jin kamar na yi sata?" Ni dai gidan nake so ya zauna a hannunsu, sunansa kuwa ina ganin zai wanke kansa. Shi a wurinsa sunan nan shi ne duk abin da ya tara a duniya.

Ana cikin haka wani Bafulatani mai suna Hamman ya zo daga wajen Doguwa. Yana da shanu yana kuma noma, yana neman gida a gari saboda karatun 'ya'yansa da kuma mahaifiyarsa da ke yawan zuwa asibiti. Ya san Ɗantani tun wata shekara da ya hana shi sayen gonar da rabinta ke kan burtali. Ya zo da matarsa Maijidda, ta shigo wurinmu, shi ya zauna a zaure. Hantsi ne, gari shiru, duk abin da ake faɗa a zaure muna ji.

Ɗantani ya jero aibin kamar yadda ya saba, yoyo, tsaga, lungu. Nan ya tsaya.

Hamman ya ce, "Na ji, Malam Ɗantani. Sai me?"

"Shi ke nan."

"A'a. Wancan karon da ka gama faɗa mini sharrin gona, ka faɗa mini alherinta. Yau ka tsaya a rabi. Kai da ka tsufa a gidan nan, in haka yake da muni, me ya hana ka tashi?"

Makullan suka daina ƙara. Salamatu tana riƙe da robar nan tata ta nuna yoyo, ta tsaya cak. Ni kaina sai a lokacin na gane abin da ke cin taubashina. Bai yi ƙarya ba ko sau ɗaya, amma a kan wannan gida kaɗai yake faɗin rabin farko ya haɗiye na biyu.

Da ya buɗe baki muryarsa ta yi ƙasa. Ya ce, "Rijiyar ba ta ƙafewa. Ko bazarar da unguwa duka ke bin 'yan garuwa, nan ake zuwa ɗiba, kuma ruwan sha ne. Ɗakin kudu da sanyi, tsohuwa za ta ji daɗinsa, ba tudu a ƙofarsa. Ruwan sama ba ya kwana a tsakar gida, na gyara magudanar da hannuna. Yoyon zaure kwano ɗaya ne, tsagar katanga kuma ba ta motsa ba tun da na shigo gidan. Mangwaron yana 'ya'ya duk shekara. Maƙwabta kuwa, in matarka ta yi ciwo kana daji, kafin ka ji labari an kai ta asibiti. Akwai wata mai ƙuli a nan gefe, bakinta ba ya shiru, amma ba za ta bar 'ya'yanka da yunwa ba." Sannan ya ce, "Duk gidajen da na taɓa sayarwa, ban sayar da kamarsa ba."

Raina ya ɓaci, na ji kamar in leƙa zauren in rufe masa baki. Na dubi Salamatu ina jiran ta fashe. Sai ta sunkuya ta ajiye robar, ta goge ido da bakin mayafi, ta ce wa Maijidda, "Zo ki ɗanɗana ruwan." Ta zura guga da kanta ta jawo, ta zuba mata a moɗa. Maijidda ta sha, ta dube ta.

Aka yi ciniki a gaban mai unguwa da shaidu. Hamman ya ce su Ɗantani su zauna har bayan kaka, ba gaggawa. Mujitaba ya zo ya yi godiya, masu shayi kuma suka koma cewa ai dama sun san Ɗantani ba zai ci amana ba. Mutumin da ya san kowane ɗaki da ba kowa daga Bebeji har Doguwa, sai da aka fara ɗaure kaya sannan ya samo wa kansa ɗaki biyu a bayan gari, inda ruwa sai an saya. Da na je ganin wurin na ce masa, "Wane dillalin ne ya cuce ka?" Ya yi dariya, Salamatu ba ta yi ba.

Bana ruwan farko da la'asar ya sauka. Yana ɗaukewa na ji kacau-kacau a bakin lungu. Na leƙo, ga Ɗantani a jiƙe, ya jingine babur, ya nufi zauren da saurinsa na kullum. Har ya sa ƙafa ɗaya ciki, sai ya tuna, ya janye ta. Ya koma baya ya tsaya a waje ya yi sallama, ya jira.

Hamman ba ya nan, ya tafi wurin shanu. Ɗantani ya ce, "Balaraba, shiga ki tambayo mini Maijidda, ko an ga wani abin da ban faɗa ba."

Na shiga na fito. Na ce, "Ta ce a gaishe ka. Kusurwar yamma ce kawai, inda ka ce. Tsohuwa tana ɗakin kudu tana barci. Ta ce komai yadda ka faɗa suka same shi."

Ya ce, "To, madalla."

Wayarsa ta hau ƙara a aljihu, akwai sauran gidaje da ke jiransa. Bai ɗauka ba. Ya share ruwan da ke kan dakalin ƙofar gidan da tafin hannu, ya zauna. Na shiga gida na haɗo masa shayi mai zafi na kawo, ban tsokane shi ba. A zaune ya shanye shi, yana kallon reshen mangwaron da ya leƙo ta saman katanga.