Alfa Ta Yi Ƙiba

Duk ɗalibin jami'ar da zanen alƙaluma ya kai shi bango a Katsina, shagon Malam Almu na Ƙofar Guga ake nuna masa. Ka kai masa alƙaluman bincikenka, ya rubuta wa kwamfuta umarni layi-layi, ta fitar da zane tsaf, haruffan Girkanci su alfa da sigma kowanne a mazauninsa. Bai yarda da allo ba, sai ya buga a takarda ya bi da idonsa kafin aiki ya bar shagon. Da wannan sana'a ya yi aure, da ita ya aurar, kuma ba shi da wata.

Shekarun nan dai ya gaji. A ɗauke wuta, janareta ya yi gardama, ɗalibi ya kawo aikin wata guda yana so kafin la'asar. Abin da bai faɗa wa kowa ba, har matarsa Sumayya, shi ne ya fara gani dishi-dishi, kuma yana tsoron ranar da za a sani a daina zuwa. A cikin umarnin akwai wurin rubuta girman haruffa, sai ya riƙa ƙara lambar kaɗan-kaɗan, yana gaya wa kansa ai babban rubutu ya fi kwarjini.

Rannan Fadila, wata ɗaliba mai digiri na biyu, ta dawo da takardunta.

"Baba, malamina ya maido aikin. Wai alfa ta yi ƙiba, ta cinye rabin zanen. Ya ce a maida girman haruffan goma."

"Shi malamin naku rowar tawada yake?" Ya yi dariyar yaƙe, ya goge ashirin da huɗu ya rubuta goma.

Firinta ta turo takarda. Ya ɗauka ya kai ta bakin ƙofa wurin haske, ya matso da ita, ya nisanta ta. Layukan zanen yana ganinsu. Inda alfa take kuwa, ɗigon baƙi ne kamar kashin ƙuda. Ya daɗe a tsaye, zuciyarsa ta karye.

Fadila ta daina murmushi.

Ya miƙa mata takardar ba tare da ya dube ta ba. "Ɗiyata, duba mani. Ta hito?"

"Ta hito, Baba. Ta yi kyau."

"To," in ji shi. "Sauran ma ke za ki duba."