Har da Adireshin Gidanmu

Shekarun farko bayan sojoji sun koma bariki, ina aikin jinya. Idan na tashi daga aikin safe nakan biya wani shagon intanet a Gyadi-Gyadi. A nan na gano wani shafi da ake tafka muhawarar siyasa. Wai na kowa da kowa ne, amma masu rubutun duk farfesoshi ne da likitocinmu na ƙasashen waje, ana ta zuba Turanci kamar da shi aka yi musu huɗuba.

Wata rana haushi ya ishe ni. Kwatar layinmu a Tarauni ta toshe, yara sai zazzaɓi, kansila kuwa ko leƙowa bai yi ba. Na zauna na wanke shi tas da Hausa. Da na gama sai na rufe yadda muka saba rufe wasiƙar gaisuwa ta rediyo: cikakken sunana, sunan mahaifina, layinmu, gida mai kallon masallaci. Har da gaida ƙannena.

Mai shagon, wata Kirista 'yar kudu haihuwar Kano, ta leƙo ta dafe ƙirji. "Hajiya, a nan ba a sa suna! Har ƙofar gida kika nuna musu?" Saƙo dai ya riga ya tafi.

Da na faɗa wa Baba sai ya tsame hannu daga kwano. Shi ya ga zamanin da magana ɗaya ke ɓatar da mutum. "Ke fa ma'aikaciyar gwamnati ce," ya ce. Aikin nan nawa kuwa shi ke riƙe da gidan. Kwana goma ina jiran takardar kora. Ko mota ce ta tsaya a layi sai in leƙa in ga ko ni aka zo nema.

Rannan kuwa mota ta tsaya, direban kansila ya yi sallama. Ashe mahaifiyar maigidansa ce ke neman mai yi mata allura. Na je na yi mata, aka rako ni da godiya.

Washegari na koma shagon. Manya sun yi gaba da muhawararsu kan tsarin mulki. A ƙarƙashin nawa amsa ɗaya ce tak, da Turanci: wai a taimaka a fassara.

Na yi hamdala har da ƙwalla, na rungume mai shago. Sai da na zo tsallake kwatar nan a hanyar gida na gane abin da ya cece ni. Babu wanda ya karanta.